Tarihin Alamomin Fifiko a Aljabara da Takwarorinsu a Hausa

Kalmar aljabara ta samo asali ne daga littafin da Alhawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajen shekarar 820, inda ya warware lissafi da zallar kalmomi. Sai a 1557 Robert Recorde ya ƙirƙiro alamar daidaito (=) a Ingila. Alamomin fifiko (> da <) sun fara bayyana a littafin Thomas Harriot na 1631, shekara 10 bayan rasuwarsa. A 1734 Bafaranshe Pierre Bouguer ya gwama su da alamar daidaito, tushen ≥ da ≤ ke nan.

Abin lura shi ne, Hausa ta daɗe tana rarrabe waɗannan da aikatau. x + 3 yankin jimla ne, bai yanke hukunci ba. x + 3 = 8 jimlar daidaito ce, amsarta 5 kaɗai. x + 3 > 8 kuwa jimlar fifiko ce, duk lambar da ta fi 5 amsa ce. Haka nan "bai kai 5 ba" (<) ya fitar da 5, "bai wuce 5 ba" (≤) ya shigar da ita, "bai gaza 5 ba" (≥) kuma ya fara daga gare ta.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi fara koyarwa da harshen uwa ko na muhalli. A unguwa irin Daɗin Kowa ta Jos, inda Hausa ke haɗa ƙabilu daban-daban, ɗalibi ya san waɗannan aikatau tun daga ciniki. Don haka wajibi ne masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi su gina a kansu, domin fassarar da ta cakuɗa "bai kai ba" da "bai wuce ba" ta sauya amsa.