Taurin da ke Ƙarƙashin Garma: Daga Fadamun Kalgo zuwa Na'urar Lantarki

Manomin ƙasar Gwandu ya daɗe da sunayen da yake rarrabe ƙasa da su. Akwai jigawa mai rairayi inda gero ke yi, akwai laka ta fadama, akwai kuma faƙo, wanda ruwa ke gudu a kansa bai shiga ba. Da ido da diddige da bakin fartanya ake wannan karatu, kuma ya wadatar muddin abin da ya fi nauyi a gona shi ne sa ko jaki.

Tantan ce ta sauya lissafin. Wajen ƙarshen shekarun 1940 gwamnatin mulkin mallaka ta fara huɗar fadamun Lardin Sakkwato da tarakta domin noman shinkafa, kuma masarautar Gwandu tana cikin wannan lardi. A shekarun 1960 hukumar FAO ta yi binciken ƙasa da ruwa na kwarin gulbin Sakkwato. Daga baya madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a shekarun 1980 suka sauya yadda ambaliya ke sauka kan fadamun da ke ƙasa da su. Sai kuma shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ya ƙara wa noman rani ƙarfi. Gonar da a da take hutawa rabin shekara, yanzu tana ganin taya sau biyu.

Idan tarakta ta bi ta kan laka mai danshi, nauyinta yana matse ƙananan kafofin da iska da ruwa ke bi. Garma tana sassauta saman, amma daidai inda bakinta ya tsaya sai wani ɓawo mai tauri ya kafu, shekara bayan shekara. Saiwa ta iso nan ta karkace. Mai gona ya ga shuka ta tsumbure, ya ce taki ne bai isa ba, ya ƙara buhu a kan kuɗin da ya ranto.

Dabarar gano wannan ɓawo ba tare da an tone gona duka ba ta fito ne daga masu neman ma'adinai. A 1912 Conrad Schlumberger ya gwada tura lantarki cikin ƙasa a Faransa, a 1915 kuma Frank Wenner a Amurka ya bayyana tsarin kafa ƙarafa huɗu a jere, biyu na tura wuta, biyu na aunawa. Duk wanda ya ga masu binciken ruwa suna kafa ƙarafa kafin a haƙa rijiyar burtsatse, jikar wannan dabara ya gani. A shekarun 1970 masana a Kalifoniya suka juya ta ga auna gishirin gona. Daga nan aka sami EM38 ta kamfanin Geonics na Kanada, wadda ba ta ma taɓa ƙasa, da na'urar Veris ta jihar Kansas da tarakta ke ja, GPS na rubuta matsayin kowane awo har a fitar da taswira.

Lantarki yana bin ruwan da ke cikin kafofin ƙasa da jikin ƙwayoyin laka. Ƙasar da aka matse takan fi wuce da shi, domin ƙwayoyinta sun manne da juna. Sai dai laka da danshi da gishiri duk suna ɗaga awon, sau da yawa fiye da matsewar kanta. A fadamar Kalgo, inda tsohuwar hanyar gulbi kan bar zirin rairayi a tsakiyar laka, taswirar za ta fara nuna tarihin ambaliya kafin ta nuna sawun taya. Don haka dole a yi awon lokacin da danshi ya daidaita, sannan a bi wuraren da taswira ta nuna da sandar auna tauri, ko a haƙa rami a duba saiwa. A ganina mai sayar da taswira ba tare da wannan mataki ba, zane kawai ya sayar.

Akwai kuma abin da na'urar ba za ta yanke ba. Manomin shinkafa yana son ɓawon nan, domin shi ke riƙe ruwa a cikin fangali, ya rage masa kuɗin man injin ban ruwa. Wanda zai bi bayansa da alkama ko albasa irin ta Aliero, shi ne ɓawon zai cuta. A gona ɗaya, taswira ɗaya, sai an san abin da za a shuka a rani mai zuwa kafin a ce a fasa shi ko a bar shi.