Mota Mai Silinda Takwas a Jega, Aliero da Maiyama

Ford Mustang, wadda ta fito a 1964, da Dodge Charger motoci ne da aka ƙera domin shimfiɗaɗɗun titunan Amurka. Injinsu mai silinda takwas yana ba su gudu da rurin da ke sa a waiwayo, sai dai yana kwankwaɗar fetur. Bayan Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024. Tsakanin Jega da Maiyama, cikin motar kan gogi kowane tudun rage gudu, kayan gyaranta kuma yawanci sai an aika Legas. Manomin albasa a Aliero kuwa, akori-kura ta fi masa ita.