AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Tarihin Zenyatta, Goɗiyar Da Amurkawa Suka Yi Wa Ban Kwana

  Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Katsina, wanda ya ce shi ma'abocin dawaki ne tun yana yaro. Ga abin da yake cewa: wai ya ji labarin an taɓa yin wata goɗiya a Amurka wadda ranar da ta daina sukuwa mutane suka yi dafifi cikin sanyi don su yi mata ban kwana. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, me ta yi musu haka, kuma ina ta ƙare?

To Malam, gaskiya ne, ba tatsuniya ba ce. Sunan goɗiyar Zenyatta, ga kuma tarihinta gwargwadon yadda lokaci zai ba mu dama.

An haifi Zenyatta ran 1 ga watan Afrilu na 2004 a jihar Kentaki, wadda ita ce cibiyar kiwon dawakin sukuwa a Amurka. Sunan ubanta Street Cry, uwarta kuwa Vertigineux. A watan Satumba na 2005, tana duƙusa 'yar shekara ɗaya, aka kai ta kasuwar gwanjon dawaki ta Keeneland da ke birnin Lexington. A lokacin tana fama da wani ciwon fata da ya ɓata mata jiki, saboda haka manyan masu saye ba su kula ta sosai ba. Aka sallama ta a kan dala 60,000, kuɗin da bai taka kara ya karya ba a kasuwar da akan sayi duƙushi ɗaya a kan miliyoyin daloli. Wanda aka saya wa ita shi ne Jerry Moss da matarsa ta lokacin, Ann. Shi wannan Jerry Moss yana ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa kamfanin faya-fayan waƙoƙi na A&M, kuma daga sunan wani faifai na makaɗan nan da ake kira The Police ya samo mata suna.

Daga nan aka kai ta Kalifoniya, hannun wani mai horar da dawaki wai shi John Shirreffs, mutum mai haƙuri ƙwarai. Da ya ga irin girman da take yi, sai ya ƙi gaggawar saka ta a tsere, ya bari ƙashinta ya yi ƙwari tukuna. Kuma lalle ta yi girma, don kuwa tsayinta daga ƙasa zuwa doron kafaɗa ya kai wajen santimita 178, nauyinta kuma kimanin kilo 550. Ka ga ke nan ta ɗara ingarmu da yawa. Baƙa-baƙa ce mai ɗan ja, da fari a goshi wanda ya zubo har hanci. Sa'o'inta sun daɗe da fara sukuwa, amma ita ba ta shiga tserenta na farko ba sai ran 22 ga Nuwamba na 2007, a filin Hollywood Park, tana gab da cika shekara huɗu. Ta kuwa ci. Bayan tsere uku sai aka ɗora mata wani gwanin mahayi mai suna Mike Smith, wanda shi ya ci gaba da hawanta har ƙarshe.

To, Malam, a nan ne za ka fara gane abin da ya sa ta shiga ran mutane. Ita Zenyatta ba ta fita da zafi. Da an buɗe ƙofa, sauran dawaki su zabura, ita sai ta zauna can baya abinta, sau da yawa ma ita ce ta kashin baya, har 'yan kallo su fara cewa yau kam an gama da ita. Sai an zo kwanar ƙarshe sa'an nan za ta buɗe ƙafa, ta riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya, ta sha gabansu daidai bakin layi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. Haka ta yi ta yi wa masoyanta, kullum sai ta tsinka musu zuciya kafin ta faranta musu rai.

Bugu da ƙari tana da wata taƙama da take yi kafin a fara tsere. Idan aka fito da ita gaban jama'a, sai ta lanƙwasa wuya, ta riƙa miƙa ƙafafunta na gaba tana taku ɗaiɗai kamar mai rawa. Ku da kuka saba ganin dokin da ya ji kiɗa ranar hawan Salla kun san irin abin da nake nufi. Bambancin kawai ita ba wanda ya koya mata, ba kuma linzami ke sa ta ba.

Amma babban abin shi ne sanyin halinta. Dokin sukuwa dai an san shi da zafin rai, wani ya yi cizo, wani ya yi harbi, shi ya sa masu shi ba su barin baƙo ya matso kusa. Zenyatta kuwa, duk girman nan nata, takan tsaya cik a shafa ta, ta sunkuyar da kai ga yara ƙanana, in ta ga masu ɗaukar hoto ta tsaya ta ɗaga kunnuwa har su gama. Shi kuma John Shirreffs bai yi rowarta ba. Ya riƙa barin mutane suna zuwa bargarsa da ke Hollywood Park su gan ta tana kiwo, yana kuma saka hotunan ƙilisarta a intanet don na nesa su ma su gani. Shimfiɗar fuska, an ce, ta fi ta tabarma. Ta haka mutane da yawa waɗanda ba ruwansu da harkar sukuwa, musamman mata da 'yan mata, suka zama masoyanta.

A shekarar 2008 ta ci babban tseren goɗiyoyi na gasar Breeders' Cup. Da shekara ta zagayo sai masu ita suka yi ƙuru suka saka ta cikin maza, a tseren da ake kira Breeders' Cup Classic, wanda aka sa wa dala miliyan 5, tsawonsa kuma mil ɗaya da kwata, watau kimanin kilomita 2. Ran 7 ga Nuwamba na 2009 ke nan, a filin Santa Anita. Ta fita a baya kamar yadda ta saba, ta ratso ta cikinsu, ta wuce wani doki mai suna Gio Ponti da tsawon doki ɗaya. Ita ce goɗiya ta farko da ta taɓa cin wannan tsere tun da aka fara shi a 1984. Nasararta ta 14 ke nan a jere, ba faɗuwa ko ɗaya.

Bayan wannan sai aka ce ta yi ritaya, har aka yi mata bikin sallama sau biyu. To amma goɗiya tana cikin ƙoshin lafiya, kullum safiya tana neman a sake mata linzami. A watan Janairu na 2010 sai masu ita suka sake shawara, suka ce za ta ƙara shekara ɗaya. A cikin wannan shekara ta ƙara cin tsere biyar. Da ta ci na 17 ta wuce tarihin da shahararrun dawakin nan biyu, Citation da Cigar, suka kafa na cin 16 a jere. Zuwa watan Oktoba ta kai 19.

Sai ranar da Amurkawa masu son dawaki ba za su manta ba, watau 6 ga Nuwamba na 2010. An koma tseren Classic, wannan karon a filin Churchill Downs na Kentaki, gaban mutum sama da 72,000. Ka lura da wani abu a nan, Malam. Yawancin tserenta a Kalifoniya ta yi su, a filayen da a wancan lokaci aka shimfiɗa wa wani haɗi na yashi da roba. Filin Churchill Downs kuwa turɓaya ce zalla, dawakin gaba suna watsa wa na baya ƙasa a fuska. Da aka tashi, sai aka bar ta a baya da tazara mai yawa, fiye da yadda ta saba. Duk da haka ta taso, ta wuce su duka in ban da guda ɗaya, wani ingarma mai suna Blame, wanda Garrett Gomez ke kai. Ta matso, ta matso, amma layi ya riga ta. Blame ya ci da tsawon kai kawai. Fili ya yi tsit. Da aka zo hira da 'yan jarida, Mike Smith ya kasa riƙe hawaye, ya ce laifinsa ne shi ba nata ba.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da nasara ce kaɗai ta tara mata jama'a, to da ranar sun watse. Amma da aka juyo da ita za a mai da ta barga, sai mutane suka miƙe suna yi mata tafi, har wasu suka ce ba su taɓa ganin bajintarta kamar a wannan tsere da ta faɗi ba. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ba da sanarwar ritayarta ta gaskiya: tsere 20, ta ci 19, ta zo ta biyu sau ɗaya, ta kuma tara wa masu ita sama da dala miliyan 7 da dubu 300.

Yanzu sai batun ban kwanan da ka yi tambaya a kai. Ran 5 ga Disamba na 2010 aka zagaya da ita a Hollywood Park gaban mutum sama da 11,000. Kashegari aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa Kentaki, aka kai ta Keeneland, wurin nan da aka taɓa sallama ta da araha shekara biyar baya. Dare ne, ga sanyin hunturu irin wanda ruwa ke daskarewa, kuma ba a tsere a ranar, balle a ce caca ko neman riba ta kawo mutane. Amma sama da mutum 1,000 suka tsaya suna jiranta. Aka riƙa zagayawa da ita a hankali, tana tsayawa, masu miƙo hannu suna shafa ta. Daga nan aka wuce da ita gonar Lane's End da ke kusa da garin Versailles. A watan Janairu na 2011 aka zaɓe ta Dokin Shekara na Amurka, da ƙuri'a 128, shi kuma Blame da ya kayar da ita ya sami 102.

Wataƙila ka ce, to duk wannan hidima a kan dabba, me ta amfana? Bari in ba ka labarin wani doki don ka auna. Sunansa Ferdinand. Shi ya ci tseren Kentucky Derby a 1986, ya ci shi wannan tsere na Classic a 1987, aka kuma zaɓe shi Dokin Shekara. Shi ma waɗanda suka kula da shi sun shaide shi da sanyin hali. Da ya daina sukuwa aka ajiye shi don barbara, amma 'ya'yansa ba su yi abin a zo a gani ba, sai aka sayar da shi zuwa Japan a 1994. Daga hannu zuwa hannu, har labarinsa ya ɓace. Sai a 2003 wata mujallar dawaki ta Amurka ta bi sawunsa, ta gano cewa ya mutu tun 2002, kuma bisa dukkan alamu a mayanka ya ƙare. Abin ya girgiza mutane ainun. A shekarar ta 2003 ne wani tsohon ɗan jarida, Michael Blowen, ya kafa gidan hutun tsofaffin dawaki mai suna Old Friends a Kentaki, kuma labarin Ferdinand ya sa jama'a suka tallafa masa. A 2012 kuma masu harkar sukuwa suka kafa wata ƙungiya ta musamman mai tara kuɗi don kula da dawakin da suka gama aiki.

Ka ga ashe doki ba ya shiga haɗari sai ranar da aka daina tambayar inda yake. Zenyatta kuwa ba a daina tambaya ba. Bayan ta koma gona, masoyanta sun ci gaba da aiko da wasiƙu da kyaututtuka, masu ita kuma suna saka hotunanta da labarinta a shafinta na intanet. Ta haifi ɗanta na fari, Cozmic One, a watan Maris na 2012, na biyu kuma, Ziconic, a 2013. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba, don su biyun ba wanda ya ci tsere ko sau ɗaya. Amma ba a yar da su ba, an sama musu wata sana'a ta tsallake shinge, jama'a kuma suna bin labarinsu albarkacin uwarsu. Ta kuma yi rashin 'ya'ya biyu suna ƙanana, a 2014 da 2016, mutane suka yi ta aiko da ta'aziyya kamar an yi rashi a gidan maƙwabci.

A 2012 aka kafa mutum-mutuminta a filin Santa Anita, aka kuma sa wa wani tsere sunanta. A 2016 aka shigar da ita zauren tunawa da gwarzayen sukuwa na Amurka. A 2023 ta yi haihuwarta ta ƙarshe, aka ce ta huta ke nan, aka bar ta ta ci gaba da kiwonta a Lane's End. Shi Jerry Moss ya rasu a watan Agusta na wannan shekara ta 2023. Filin Hollywood Park ma, inda ta fara, an rufe shi tun ƙarshen 2013, aka rushe, aka gina katafaren filin wasa a wurin.

To Malam, kai da ka ce ma'abocin dawaki ne, ka fi ni sanin cewa ranar hawa kowa na son doki. Abin dubawa shi ne wa zai kai masa harawa da dusa sa'ad da ƙafa ta gaji, ba ya kuma iya ɗaukar sirdi.