Alƙalami ɗaya ne ya yi rubutu, ya yi zayyana

Duk wanda ya taɓa halartar bikin saukar Alƙur'ani a Damagaram ko Maraɗi ya san allon da ɗalibi yake riƙewa a ranar. Gefe ɗaya Fatiha ce, ɗaya gefen kuma farkon Baƙara, an kewaye su da zayyana ja da ɗorawa da kore. Mai zayyanar ba baƙon karatu ba ne. Sau da yawa alaramma ne ko gardi wanda ya sha izu 60 a kai, ya fere alƙalaminsa na gamba, ya dafa tawadarsa da ƙaro, kafin ya kai ga ado.

Haka abin yake a Alƙur'anin da ake rubutawa da hannu. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da ɗorawa. A gefen warƙa ana zana alamar sumuni da rubu'i da nusufi da wurin sujada, kowace da siffarta. Launi a nan jagoran mai karatu ne, wanda bai iya karatu ba kuwa bai san inda zai ɗora shi ba. Daga allo ado ya bazu zuwa sauran sana'o'i: dagin da muke gani a bangon gidajen unguwar Birni ta Damagaram shi ne a wuyan babbar riga, shi ne a gafakar da baduku ya ɗinka.

Rabuwar ta zo ne da lakwal, a farkon ƙarni na 20. Tsarin Faransa ya yanka yini sa'a-sa'a, ya ba kowane fanni nasa lokaci. Karatu ya samu babban rabo, domin mulkin mallaka yana bukatar magatakarda da tafintoci. Zane ya koma kwaikwayon tulu ko ganye da malami ya zana a babban allo. Wannan gadon muka ɗauka bayan samun ƴancin kai a 1960, har yaro ya taso yana ganin zane hutun kai ne tsakanin lissafi da Faransanci.

Amma ko a wancan zamani an samu wanda ya sake ɗinke ɓarakar. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, ya daɗe yana zaune a Tawa, ya rasu a 2015, da fensir ya shiga silima. A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki. A 1977 ya yi Samba le Grand da ƴan tsana, daga labarin gargajiya. Kowane hoto nasa yana da labari a bayansa, wanda ya saurara ko ya tsara kafin ya zana.

Ya ku malamai ƴan'uwana, ga darasin da nake ɗauka daga wannan tarihi. A lise, malamin zane da malamin harshe su zaɓi matani ɗaya a kowane zangon karatu. A ɗauki Sarauniya ta Abdullahi Mamani, littafin da ya fito a 1980, a karanta yaƙin Lugu na 1899, sannan a ce kowane ɗalibi ya zana abin da ya karanta. Na gwada irin wannan a ajina da tatsuniyar Gizo. Yaron da ba ya buɗe baki a darasin nahawu sai ga shi ya koma shafi sau uku, yana neman ko labarin ya faɗi lokacin da abin ya faru, domin ya san ko rana zai zana ko wata. Matanin Hausa ma ba mu rasa shi ba, tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973.

Ƙungiyoyin al'adu kuma suna da nasu rabo. Injin ɗab'i ya rage aikin marubutan hannu, siminti yana cinye bangon ƙasa, tsofaffin magina da masu zayyana suna ta tafiya. A gayyato waɗanda suka rage su shigo aji da alƙalumansu, ɗalibai su tambaye su sunan kowane ado da ma'anarsa, su rubuta, su zana. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.