Daga Amya Zuwa Akwati: Kiwon Zuma a Kudancin Kogin Kaduna

Kafin Turawa su mai da Kaduna hedkwatar Arewa a 1917, kudancin kogin, wato inda Kakuri da Barnawa suke yau, daji ne da ƙauyukan Gbagyi. A ƙasar Zazzau ta wancan zamani, mai son zuma yakan saƙa amya da ciyawa, ya yaɓe ta da kashin shanu, ya ɗora bisa ɗorawa ko kaɗanya. In bazara ta yi sai ya hau da dare da bakin wuta, ya kori ƙudan, ya yanke saƙa har da 'ya'yan. Ɓarna ce babba, amma amya ba ta buɗuwa balle a zaɓa. A ganina, rashin leƙa cikinta ne ya sa ake cewa "sarkin zuma", alhali mace ce, ita ke yin ƙwan gidan duka.

Akwatin da Langstroth ya ƙago a Amurka a 1851 shi ya sauya al'amarin, domin ana zare saƙa ɗai-ɗai a mayar. Mai akwati a bayan gida yana iya raba taro biyu da bazara, ya bar wa marasa uwa ƙwai. Su da kansu za su reni sabuwa, ta fito cikin kwana 16.