Jan Dutse da Tama a Ƙasar Kafur

Ƙasar Kafur, kamar sauran yankin noma da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, tana zaune ne a kan tsohon dutse wanda jijiyoyin ƙanƙara suka ratsa, wato farin dutsen nan mai tauri da masana ke kira kwaz, wanda yake karce gilashi amma wuƙa ba ta kama shi. Idan garma ta tono shi a gona akan same shi ja ko ruwan ɗorawa, domin ruwan damina yakan kwaso tsatsar ƙarfe daga jar ƙasa da marmara ya cusa ta cikin tsagoginsa, shi ya sa in an fasa shi sai a tarar jan ya tsaya a baya, cikin kuwa fari fat.

Rarrabe wannan dutse da tama, wato dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa, shi ne matakin farko na sana'ar narki, wadda ta daɗe a ƙasar Hausa, tun da an gano alamunta a Dutsen Dala na Kano daga wajen ƙarni na 7. Tama ta fi nauyi a hannu, jan nata ya ratsa har ciki, kuma in an goga ta takan bar shaida, alhali ƙanƙara mai tsatsa ba abin da take ƙarawa a wuta sai kashin maƙera da asarar gawayi. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ƙarfen waje ya yi araha, maƙera suka koma kansa, narki ya mutu sannu a hankali.

Wani nau'in kwaz kuma, wato ƙwallon dutse mai rami a ciki, wanda bangonsa ke cike da ƙananan lu'ulu'un kwaz, ba kasafai ake samunsa a irin wannan ƙasa ba, saboda ya fi samuwa a ramukan duwatsun aman wuta. Duk da haka ya shigo kasuwannin Afirka ta Yamma ta hanyar fatauci, domin a ƙarni na 19 masassaƙan Idar-Oberstein a Jamus sun riƙa yanka irinsa da ake kawowa daga Brazil suna yin duwatsun wuya, jan launin duwatsun wuyan kuwa ƙarfen ne dai ke ba da shi.

Yau masu haƙar zinariya ne ke bin jijiyar ƙanƙara mai tsatsa, tsofaffin maƙeran da suka ji labarin narki daga bakin iyayensu kuwa suna ƙarewa, don haka wajibi ne jami'o'in jihar Katsina su rubuta abin da suka sani tun suna raye.