Sauya ma'aunin baƙin shafin kasuwanci: abin da ya kamata a sani kafin a yi ƙaura

Mai shago a kasuwa yana ganin wanda ya shigo, wanda ya taya, da wanda ya juya bai saya ba. Mai shafin kasuwanci a intanet kuwa ba ya ganin fuskar kowa. Shi ya sa ake saka wa shafi ma'aunin baƙi, wato ɗan guntun rubutun kwamfuta da ake liƙawa cikin shafin. Shi ke ƙirga mutum nawa suka shigo, daga wace ƙasa, da salula ko da kwamfuta, kuma wace haja suka fi dubawa. Ga ɗan kasuwa, wannan ƙididdiga tamkar littafin lissafin shago ce. Matsalar ita ce, in aka sauya ma'auni, tsohon littafin ba ya bin ka da kansa.

Yadda abin ya faro

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne Google Analytics. Kamfanin Google na Amurka ya sayi kamfanin Urchin a 2005, ya kuma fito da ma'aunin kyauta a watan Nuwamban shekarar. A 2012 aka sanar da tsarin da ake kira Universal Analytics, a watan Oktoban 2020 kuma aka fito da sabo mai suna Google Analytics 4, ko GA4 a taƙaice.

A watan Maris na 2022 Google ya ba da sanarwar rufe tsohon tsarin. Ranar 1 ga Yulin 2023 tsofaffin asusun kyauta suka daina ƙirga baƙi. Daga 1 ga Yulin 2024 aka rufe ƙofar gaba ɗaya, har da tsofaffin bayanan. Wanda bai kwashe nasa ba kafin lokacin, to ya rasa su, domin ba a zuba su cikin GA4 ba.

Me ya bambanta su?

Tsohon tsari ya ginu a kan ziyara: mutum ya shigo, ya buɗe shafuka kaza, ya fita. Sabon kuwa kowane motsi yake rubutawa. Buɗe shafi motsi ne, gangarawa ƙasan shafi motsi ne, sauke takardar farashi motsi ne, haka latsa maɓallin da ke fitar da mutum zuwa WhatsApp. Ga mai sayar da kilishi ko takalman fata wanda cinikinsa ke ƙarewa a WhatsApp, wannan latsawar ta fi yawan masu leƙe muhimmanci.

GA4 yana ɗaukar ziyara a matsayin mai amfani in ta wuce daƙiƙa 10, ko an buɗe shafi 2 ko fiye, ko baƙon ya yi wani aikin da mai shafin ya ware a matsayin muhimmi. Saboda hanyar ƙirgar ta sauya, alƙaluman tsoho da na sabo ba sa zuwa daidai. In ka ga lamba ta ragu bayan ƙaura, kada ka yanke cewa kasuwa ce ta faɗi. Mudu ne aka canja.

Yadda za ka gane wanda ke shafinka

Lambar tsohon tsari tana farawa da UA, ta sabon kuma da G. Daga Maris na 2023 Google ya buɗe wa masu asusu da yawa sabon tsarin da kansa, amma hakan ba ya nufin komai na tafiya daidai. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe shafinka a salula, sannan ka duba rahoton kai tsaye, wanda ke nuna baƙin minti 30 da suka wuce. In ba ka ga kanka ba, ma'aunin ba ya aiki.

Matakan ƙaura

Ko GA4 za ka koma, ko barin sa za ka yi zuwa wani, matakan kusan ɗaya ne.

1. Tabbatar asusun yana hannunka. Sau da yawa ɗa ko ƙane da ke ƙetare, ko wani matashi mai haɗa shafuka, shi ke buɗe shi da adireshin imel nasa. Ran da kuka rabu, littafinka ya tafi da shi. Ka sa a ba ka cikakken ikon gudanarwa, shi kuma ya zama mataimaki.
2. Kwashe tsofaffin rahotanni kafin ka taɓa komai. A sauke su a tsarin Excel ko PDF, wata bayan wata, a ajiye wuri biyu.
3. Rubuta abubuwa uku ko huɗu da ke nuna ciniki a wurinka: latsa lambar waya, latsa WhatsApp, cika takardar oda. Su za a ware a matsayin muhimmai.
4. Bar tsoho da sabo su yi aiki tare na ƴan makonni in hakan zai yiwu, don ka san tazarar da ke tsakanin alƙalumansu.
5. A GA4 na kyauta, bayanan bincike mai zurfi wata 2 kawai ake ajiye su in ba ka canja ba. Mayar da shi wata 14 tun ranar farko.
6. Kada a liƙa lamba ɗaya sau biyu a shafi, domin zai ninka ƙirgar.

Akwai wasu ma'aunan

Ba Google kaɗai ba ne. Akwai Matomo, wanda aka fara a 2007 da sunan Piwik, aka canja masa suna a 2018. Ana iya girka shi a ma'ajiyar shafinka, bayanan su zauna hannunka, kuma yana da hanyar jawo rahotanni daga Google Analytics. Sai dai yana buƙatar mai kula da shi.

Batun doka

Bayanan baƙi amana ce. A watan Fabrairun 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta ce amfani da Google Analytics yadda ake yi a lokacin ya saɓa wa dokar Turai, saboda ana tura bayanan zuwa Amurka. A Yulin 2023 Tarayyar Turai ta amince da sabon tsarin musayar bayanai da Amurka. Ƴan uwa masu shafin kasuwanci a Turai su kula da neman izinin baƙi kafin a fara ƙirga su. A nan Nijar, hukumar HAPDP ce ke kula da kare bayanan mutane. Ko ina kake, kada sunan abokin ciniki, lambar wayarsa ko imel nasa su shiga ma'aunin. Ƙa'idojin Google ma sun hana hakan.